Shida Cikin Goma

A wurin masu binciken cututtukan huhu na duniya, in aka ce Mamirov ba mutum ake nufi ba, adadi ake nufi: shida cikin goma. Wato a ƙauyukan kan tsauni, jarirai shida cikin kowane goma nimoniya na kama su kafin sanyin shekara ya wuce. Duk wanda zai rubuta maƙala a kan ciwon huhun yara, ko a Peru yake ko a Nepal, sai ya buɗe da wannan adadi, ya liƙa sunan Mamirov a gefensa, sannan ya shiga abin da ya kawo shi. Da yawansu ba su san ko namiji ne ko mace ba, balle su san ko yana da rai.

Yana da rai. Sunansa Esenkul, gajere ne mai faɗin kafaɗa, yana zaune da matarsa Shayir a hawa na huɗu na wani tsohon bene a Bishkek. Ya haura shekara talatin yana aiki a wata ƙaramar cibiyar bincike, inda kowa ke kiransa Agai saboda girmamawa, har masu gadi. Ba ya shan taba, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma dariya sai an matsa masa. Abincin ranarsa a kwalba yake zuwa da shi daga gida, ya ci a kan teburinsa, ya wanke kwalbar ya kife ta a bakin taga. Maƙala arba'in da 'yan kai ya wallafa a rayuwarsa. Ɗaya ce tak duniya ta kula da ita, kuma ita ce wadda ya fi kowa sanin ba daidai take ba.

A Ak-Tolgo aka haife shi, kwarin da dusar ƙanƙara ke toshe wa hanya kusan rabin shekara. Mahaifinsa makiyayin tumakin gonar gwamnati ne. Su bakwai aka haifa, biyar suka girma. Biyun da suka tafi duk da tari suka tafi, duk a tsakiyar sanyi, tun ba su iya zama ba. Esenkul bai taɓa cewa wannan ne ya kai shi karatun likita ba, ba kuma wanda ya taɓa tambayarsa, domin a kwarin babu gidan da ba shi da irin wannan labari.

Da Tarayyar Sobiyet ta watse, albashi ya zama sai an ga dama, likitoci da yawa suka koma kasuwa sayar da takalma. A daidai lokacin ne wasu masu bincike daga waje suka zo neman wanda zai ƙirga musu yawan ciwon huhu a tsakanin jariran kan tsauni. Esenkul ya ce yana da kwari sukutum da ya san kowane gida a cikinsa. Hanyar aikin mai sauƙi ce: a buɗe ƙirjin jariri, a ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur yana kwance ba ya kuka. In yana tari, numfashin kuma ya haura hamsin, a rubuta nimoniya. Ya tara malaman asibitin kwarin ya koya musu, ya ba kowa agogo. Shugabarsu Kalicha ce, wadda suka yi firamare aji ɗaya, mace mai murya kamar tana kiran tumaki daga ƙetaren rafi.

Bai zauna a birni ya jira a aiko masa da sakamako ba, ya riƙa bin su gida-gida. Sai dai shi ɗan gari ne da ya zama likita a babban birni. Yana sa ƙafa a gida, maigida zai riƙe hannunsa da hannu bibbiyu, a wuce da shi ƙuryar ɗakin baƙi, mazaunin manya, a karya burodi, a zuba shayi. Wanda aka zaunar a nan kuwa ba ya miƙewa sai an shafa addu'a. Sannan namiji baƙo ba ya kutsa kai ɗakin mai jego ya tsaya a kan jaririn mutane. Saboda haka Kalicha ce ke shigewa ciki da agogonta, shi kuma ya zauna yana sauraron labarin ciwon gwiwar maigida. Ta fito ta faɗa masa lamba, ya rubuta, a ƙara masa shayi. Sanyi uku aka yi a haka.

Da aka haɗa lissafi, shida cikin goma ya fito. Wata babbar mujallar likitoci ta Turai ta karɓi maƙalar ba tare da jan rai ba, don ba a taɓa samun adadi mai tsanani haka a ko'ina ba. Esenkul bai yi mamaki ba. Ya tuna ƙannensa biyu, ya ga lambar ta dace da abin da ya tashi yana gani.

A wannan sana'a ba a cika tambayar mutum abin da ya gano ba, an fi tambayar sau nawa wasu suka ambace shi a nasu rubutun. Na'ura ce ke ƙirgawa, ita kuwa ba ta bambance yabo da zagi. Cikin 'yan shekaru ambaton Mamirov ya haura ɗari, ya nufi ɗari biyu. Aka ba shi shugabancin sashe. Aka fara gayyatarsa taro a garuruwan da a da sai dai ya gan su a taswira. Wata ƙungiyar agaji ta ga adadin, ta sa Ak-Tolgo a sahun farko, ta kai wa ɗakin shan maganin kwarin injin iskar oksijin da baturansa, tana kuma turo mai gyara duk bazara da kayan canji. Kafin zuwan injin, jaririn da leɓɓansa suka fara shuɗi sai dai a naɗe shi cikin bargo a nufi asibitin gunduma, in hanya ta yarda. Bayan zuwansa, Kalicha kan kwantar da shi nan kusa da murhu, ta sa masa robar hanci, ta zauna.

Nazik, autar Esenkul da Shayir, ita ce ta tona asirin lambar, tun tana 'yar wata huɗu. Da aka haife ta, mahaifiyar Esenkul ta sauko daga kwari da beshik, wato ɗan gadon jarirai na katako, wanda shi kansa ya kwana a ciki yana jariri, aka ɗaure yarinyar a ciki da majanyu, aka lulluɓe da barguna yadda aka saba. Wata Asabar da hantsi mura ta kama ta, ya ji numfashinta bai kwanta masa ba, sai ya juya wurin mahaifiyarsa.

"Apa, kwance min ita in duba ƙirjinta."

"In kwance wa? A wannan sanyin? Kai da aka ce ka yi karatu?"

"Minti ɗaya ne kawai."

"Minti ɗaya a bakinka."

Ta kwance ɗin dai, tana mita. Iskar ɗakin na taɓa jikin yarinyar ta callara ƙara, ta dunƙule hannu, fuska ta yi jawur. Tsohuwa ta tsaya a kansa riƙe da bargo.

"Yi sauri, za ka kashe min jika! Ka gama? Na ce ka gama?"

Bai san lokacin da ya ƙirga rubu'in minti ya ninka sau huɗu ba. Sittin da wani abu. Kafin ya ce a nemo mota, an mayar da yarinya cikin ɗumi, uwarta ta sunkuya ta ba ta nono, barci ya ɗauke ta. Sai ya zura hannu a hankali ƙarƙashin bargon, ya ɗora a cikinta, ya ƙirga minti ɗaya cikakke. Arba'in. Mura ce kawai. Ya yi ajiyar zuciya, ya karɓi shayin da Shayir ta miƙo masa, ya sha rabi cikin farin ciki. Sauran rabin a hannunsa ya huce.

Hanya na buɗewa ya tafi Ak-Tolgo, ya sami Kalicha tana shanya zanen gadon marasa lafiya.

"Kalicha, lokacin aikin nan namu, yaya kuke ƙirgawa?"

"Yadda ka koya mana mana. A buɗe ƙirji, a duba agogo."

"Yaran suna kuka?"

Ta juyo ta dube shi sama da ƙasa.

"Esenkul, kai ba a beshik aka rene ka ba? Wane yaro ne za a zare shi daga ɗumi a watan Janairu ya yi maka murmushi?"

"Ai na ce sai yaro ya natsu."

"Ka ce. Da ka shigo ka faɗa wa kakarsa, tana tsaye a kaina kamar ta cinye ni ɗanya. Kai kana can ana cika ka da shayi."

"Minti ɗayan fa?"

"Wata rana minti, wata rana abin da ya samu."

Ba ta ji ta yi laifi ba, shi ma bai ga laifinta ba. Da baƙo ne daga wata ƙasa, wanda bai san kunya ba, da tun ranar farko ya banka ƙofar ɗakin mai jego ya gani da idonsa. Shi sanin ya kamata ne ya zaunar da shi.

Bai ɓoye ba, wannan kam dole a faɗa masa. Ya nemi tallafi ya sake aikin daga farko, sanyi biyu. A wannan karon ba a kwance yaro. A jira ya yi barci, a zura hannu ƙarƙashin bargo, a kuma maƙala masa ɗan abin awon iska a yatsan ƙafa. Esenkul da kansa yake shiga. Ya taɓa burodi a tsaye, ya kai loma ɗaya baki, ya ba maigida haƙuri, ya wuce ciki. Akwai gidajen da har yau ba su yafe masa ba. Sakamako ya fito biyu cikin goma. Biyu cikin goma ma ba wasa ba ne, amma ba shida ba ne.

Babbar mujallar ta mayar masa da sabuwar maƙalar cikin ladabi, ta ce ba ta ga abin da zai ja hankalin masu karatunta ba. Wata ƙaramar mujalla ta yankinmu ce ta buga. A shafin farko ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa adadinsa na baya ya zarce gaskiya, ya kuma bayyana dalili. An ambaci wannan maƙala sau goma sha ɗaya zuwa yau, huɗu daga ciki shi ne ya ambaci kansa.

Ta farkon kuwa ko gezau. Duk shekara sai ta ƙara ƙiba. Esenkul ya ɗauki wata al'ada: duk wanda ya ga ya kafa hujja da shida cikin goma, sai ya aika masa saƙo, ya gode masa, ya haɗa masa da maƙala ta biyu. Wasu ba sa amsawa. Wasu su amsa da godiya. Wani farfesa ma ya ce abin alfahari ne a gare shi ya ji daga bakin Mamirov da kansa, bayan wata takwas ya fitar da sabuwar maƙala, ga shida cikin goma a layi na biyu. A hankali Esenkul ya gane yawancinsu ko ta farkon ba su karanta ba. Daga maƙalar wani suke kwaso ambaton, shi ma daga ta wani ya kwaso.

Mai tara wannan lissafi a cibiyar shi ne Toktosun, sakataren harkokin bincike, abokinsa tun suna ɗaki ɗaya a jami'a, dogo mai tumbi da son raha. Duk Disamba, lokacin haɗa rahoton shekara, sai ya leƙo ofishinsa yana murza hannu.

"Eseke na duniya! Bana ka ƙara saba'in. Kai kaɗai ka goya cibiyar nan, mu sauran duk 'yan rakiya ne."

"Toke, lambar nan ƙarya ce."

"Lamba ƙarya, ambato gaskiya. Ni an ce in ƙirga, ba a ce in karanta ba."

"Ka sa ta biyun a rahoto."

"Na sa ta. Ga ta can ƙasa tana hutawa. Tashi mu je mu sha shayi, ka cika takura wa kanka."

Kada kuma a ce bai ci moriyarta ba. Kujerar shugaban sashe bai ajiye ta ba. In an gayyace shi taro yakan je, a gabatar da shi a matsayin mai shida cikin goma, a tafa, ya hau mumbari ya ɓata rabin lokacinsa yana bayanin cewa biyu ne, a sake tafawa, a fita cin abinci. Ya kwantar wa kansa da hankali da cewa ya faɗi gaskiya a rubuce, wanda bai karanta ba shi ya so. A haka Nazik ta gama sakandare, mahaifiyarsa ta rasu, gashin kansa ya yi fari fat.

Abin da ya tunzura shi ƙaramin abu ne. An sa shi cikin masu sauraron wata ɗaliba da ke kare kundin digirinta. Allon farko da ta haska, ga sunansa, ga shida cikin goma. A ƙarshe kuma ta kawo shawara: tunda abin ya kai haka, duk jaririn kan tsauni da ya fara tari a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta nan take, ba sai an tsaya awo ba. Da aka zo tambayoyi ya ɗaga hannu.

"'Yata, kin ga maƙalata ta biyu?"

"Na gani, Agai."

"To me ya sa kika ɗauki ta farko?"

"Mai duba aikina ne ya ce in sa wadda aka fi ambata, Agai."

Zauren ya fashe da dariya, har da mai duba aikin. Esenkul bai yi ba. Ya san abin da ɗura wa jariri mai lafiya irin wannan magani ke haifarwa: ranar da ciwon gaske ya zo, maganin ya daina ci. Ya kuma san yarinyar nan ba za ta tsaya a ɗaliba ba, wata rana ita ce za ta zauna a ma'aikatar lafiya tana rubuta ƙa'ida. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da ita yake fushi ba.

Hanya ɗaya ta rage, ya daɗe da saninta yana kauce mata. Marubuci na iya neman mujalla ta janye maƙalarsa, a buga mata jan tambari a kowane shafi, duk wanda ya buɗe ya ga an soke ta. Da ya faɗa wa Toktosun, sai Toktosun ya tashi ya rufe ƙofa.

"Ka sha wani abu ne? Mutane na janye maƙala in an kama su da sata. Kai wa ya kama ka?"

"Ba kowa."

"To zauna lafiya ce ta ishe ka? Kana janyewa ma'aikata za ta cire ta daga lissafi. Me ya rage maka? Sha ɗayan nan naka, huɗu kai ne? Kujerarka ta tafi, mu ma mu gangaro ƙasan jeri. Eseke, ka ji tausayin tumbina."

Shayir ba ta ɗaga murya ba. Tana murza ƙullin taliya ta ce, "Saura shekara uku ka yi ritaya. Maganar ba za ta jira ba?"

"Ta jira shekara ashirin."

"To ai ta saba."

Labari ya hau tsauni kafin ya gama rubuta takardar neman janyewar. Kalicha ta bugo waya, muryarta har Shayir na ji daga kicin.

"Esenkul, wai za ka ƙaryata kanka a gaban duniya?"

"Na daɗe da yi. Yanzu so nake a ji."

"Kai ka san wannan. Ni injina nake tambaya."

"Ba abin da ya haɗa injin da wannan."

"Saboda lambarka suka kawo shi."

"Sun kawo shi, sun manta dalili. Kalicha, mutanen nan ba sa karanta mujalla. Sau nawa na aika musu ta biyun? Ko amsa ba su taɓa ba ni ba."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"To. Kai ne mai karatu."

Ba yaudararta ya yi ba. Yana da hujjar shekara ashirin cewa ba mai karanta komai.

Mujallar ta ɗauki watanni tana tambayarsa ko da gaske yake, sannan ta buga tambarin. Abin da Toktosun ya faɗa bai faɗi ƙasa ba. A sabuwar shekara aka ba wani matashi shugabancin sashen, aka mayar da Esenkul ƙaramin ofishin da ke kusa da ɗakin ajiya, inda injin ɗumama ɗaki ke aiki in ya ga dama. Gayyatar taro ta ɗauke. Bai yi ƙorafi ba. Ya kwashe littattafansa da kansa, ya sami wa kwalbarsa sabuwar taga. Waɗanda suka gan shi a watannin nan sun ce har ya ɗan yi ƙiba, yana kuma amsa gaisuwa da fara'a.

Disamba ta zagayo, Toktosun ya leƙo. Wannan karon bai murza hannu ba.

"Eseke, zauna tukuna."

"A zaune nake."

"Bana ka ƙara tamanin da biyar."

Esenkul ya cire tabarau.

"Ba su ga tambarin ba?"

"Wa zai gani? Sai ka buɗe maƙala kake ganin tambari. Ga kuma wasu sabbi, masu bincike a kan janyayyun maƙalu, su ma dole su ambace ka. Farin jininka ya fi na da. Abin haushin, ko ɗaya ba zan iya sa wa a rahoto ba."

Amma an sami mai karatu. Ƙungiyar agajin nan ta ɗauki wata sabuwar ma'aikaciya, aka ba ta aikin sake duba hujjar kowane wuri da suke tallafawa. Mace ce mai tsoron haƙƙi, irin wadda Esenkul ya yi shekara ashirin yana fatan samu. Ta buɗe maƙalar, ta ga jan tambarin, ta nemo ta biyun ta karanta tun daga farko har ƙarshe. Ta gyara lambar Ak-Tolgo daga shida zuwa biyu. Da biyu kuwa akwai kwaruruka a wasu ƙasashe da suka sha gabansa, ko da yake Allah kaɗai ya san yadda aka ƙirga nasu numfashin. Ta rubuto wa Esenkul saƙo mai daɗi, ta yaba masa bisa riƙon gaskiya, ta ce samun irinsa sai an tona. A bazarar nan mai gyara bai hau tsauni ba.

Esenkul ya yi abin da zai iya. Ya rubuta musu cewa biyu cikin goma a kwarin da ba shi da hanya ya fi shida a bakin titi haɗari. Suka amsa cewa sun fahimta, amma da adadi suke aiki. Ya yi sintiri a ma'aikatar lafiya, Toktosun ma ya raka shi sau biyu yana ta ba sakatarori dariya, aka ce musu za a duba. Injin ya ja shekara guda da ƙarfin hali, sannan wani abu a cikinsa ya cinye, ya fara ƙara yana hura iskar da ba ta da bambanci da ta ɗaki.

A ƙarshen kaka Esenkul ya hau Ak-Tolgo sadakar shekarar rasuwar yayansa. Aka yanka doki, aka zaunar da shi a mazaunin manya, aka ajiye masa kan rago a gabansa, domin har yanzu a kwarin shi ne ɗansu da duniya ta san sunansa. Ba wanda ya ɗauko maganar injin. Da aka shafa addu'a ya ce wa direban da ya kawo shi ya jira, ya taka zuwa ɗakin shan magani.

Kalicha ta wuce shekarun ritaya, amma ba a sami mai karɓarta ba. Ta tsufa, muryar ce kawai ba ta tsufa ba. Injin na nan a kusurwarsa kusa da murhu, ta lulluɓe shi da farin mayafi don ƙura. Ta jawo masa kujera, ta zuba shayi, ta karya burodi. Suka taɓa maganar mamaci, da ciyawar da ba ta yi kyau bana ba, da Nazik da ke shirin aure. Yana ta jiran ta balbale shi da faɗa, don da ta yi da ya fi masa sauƙi. Kunya ta ishe shi, ga shi kuma ko a lokacin bai ji a ransa cewa janyewar kuskure ce ba. Wannan ne ya fi ci masa rai.

"Na sa jikata ta karanta min takardar nan taka ta biyu," in ji ta. "Tun daga farko har ƙarshe."

"Kalicha, ni na ce miki..."

"Bari. Gaskiya ka rubuta. Ni na ƙirga na farko, ni na ƙirga na biyu, na fi kowa sanin wanne ne daidai. Ba shida ba ne, biyu ne. Na yarda."

Ta tura masa farantin burodi gabansa.

"Jarirai talatin gare ni a kwarin nan bana. To biyu-biyun nan naka, in hanya ta rufe, ina zan kai su?"

Esenkul ya dubi kofin da ke hannunsa. A waje direba ya fara danna hon, domin gajimare ya haɗu a kan tsauni, kuma ba ya son dusar farko ta same shi a wannan ɓangaren.